Macijin Gonar Mode

"Ni jita-jita baiwata ta," in ji Mode, yana dukan ƙirji a majalisar mai shayi a Wurno. "Inda nic ce ta tsaya, nan taka tsayawa."

Kada ka ɗauka wani zurfin ilimi gare shi. Wani littafin hotuna ne ya karanta a firamare, wanda har gobe in ya tuna shi sai ya lumshe ido don daɗi. A shafin farko wani ya ga tsaka a bango, labari ya bi baki-baki, kafin tsakiyar littafi ta zama kada mai hula. Shafukan ƙarshe kuwa tuni an naɗe ƙosai da su, don haka gogan bai taɓa ganin yadda mai tsakar ya ƙare ba.

To, masu yanke hanya zuwa gulbi sun dame shi da tattake masa albasa a fadama. Maimakon ya yi shinge kamar kowa, sai Shehin Malamin Jita-jita ya raɗa wa wanzami cewa ya ga ɗan maciji a gonar, bai fi kamu ɗaya ba.

Abu ya yi kyau, ƙafa ta ɗauke. Mode ya riƙa tafiya yana buɗa hammata.

Da labarin ya kai ƙauyen Lahodu, macijin ya zama mesa. A Kwargaba ya haɗiye ɗan maraƙi. Da labarin ya zagayo ta Goronyo, aljani ne mai rawani, kuma wai shi ke yi wa Mode ban ruwa.

Albasa ta nuna, hadarin farko ya fara leƙowa daga gabas, kuma ruwa ɗaya ya isa ya ruɓar da wahalar rani duka. Mode ya nemi masu cira, kowa ya ce ƙafarsa ke ciwo. Dillalai suka ce ko kyauta ba su ɗaukar albasar aljani. Matarsa Sharifa ma ta ce ba da tukunyarta ba. Nan fa ido ya raina fata, tsoro ya kama shi sosai.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ya tare jama'a a ƙofar masallaci, hula a hannu. Ya rantse babu maciji, babu aljani, shi ya ƙaga abinsa tun daga tushe, ya roƙi a taimaka masa da cira kafin ruwa ya sauka.

Sai Baba Sa'adu, dattijon unguwa, ya matso ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi.

"Mode, tun kana ƙarami munka san ka da ƙarya, shi ya sa ba mu yarda da wagga," in ji shi. "Macijin ga, ni da idona nig gane shi."