Ranar da Na Tuɓe Riga a Wad Haddad

Shekarar da na iso Wad Haddad ta ƙasar Sudan cirar auduga, ina da 'ya'ya biyu da gemu, amma gani nake babu saurayin da zai ja da ni a fagen rawa. Da Larabawa maƙwabtanmu suka yi biki, sai na bi abokina Sanda, wanda a nan aka haife shi.

Mata suna kaɗa dalluka, 'yar gangarsu, sai ga samari sun tuɓe riguna sun jeru. To, can garinmu a ƙasar Sakkwato, wanda ya tuɓe riga rawa zai taka. Na cire tawa na miƙa wa Sanda.

Ya riƙe mini hannu. "Kai, buɗan ne fa!"

Na ce, "Ko mi ne ne, yau za su ga ƙafa."

Na tsaya a farkon layi ina karkaɗa kafaɗa, ina tausayin sauran da suka ƙame kamar turaku. Ango ya iso da dorina a hannu. Na ɗauka ta ado ce, har murmushi na yi masa.

Ashe buɗan gwajin samari ne: a tsula maka bulala, in ba ka motsa ba ka cika namiji. Ɗaya ya ba ni. Na kurma ihu, "Wayyo inna!" Na keta ta cikin mata, na ture mai dallukar.

Larabawan unguwar ba su jin Hausa, amma kalmomin nan biyu sun zauna musu. Na je Makka na dawo, na ce ai magana ta mutu. Sai suka ƙara mini girma: Alhaji Wayyo-Inna.