Rasuwar Mai Haƙora, Tayar Baya ta Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da ya riga ya faru, iyalan Na'ibi direban lori, mazauna Mahjar a nan Jidda, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari rasuwar abar ƙaunarsu Mai Haƙora, tayar baya ta hagu. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Shawwal na wannan shekara ta 1388, a kan hanyar Khumra, bayan gajeriyar rashin lafiya. Gajeriya ƙwarai ma. Waɗanda suka gani sun ce ba ta kai tsawon atishawa ba.

Marigayiya ba haihuwar Jidda ba ce. Daga ƙasar Turkawa ta zo, ɗaure a kan rufin wata motar alhazai, ita da 'yar'uwarta. A shekarar ce Na'ibi ya sa wa ransa hanyar Sham. Ya gaji da jigilar siminti daga mina, tashar jiragen ruwa, zuwa Makka, yana son shi ma ya shiga sahun direbobin da ke haurawa arewa su dawo da tuffa da labari. Amma an gaya masa can idan sanyi ya shiga, taɓo yana haɗiye mota, ƙanƙara tana saukowa daga sama ta rufe hanya, kuma wanda ya je da tayar rairayi irin tamu, sumul kamar kan jariri, to sai dai a yi wa iyalansa gaisuwa.

Sai ya shiga neman taya. Na'ibi kuwa ba ya zaɓen taya da ido kawai. Yakan zura yatsa cikin ramin zanenta, in bai shige har gaɓa ta biyu ba ya wuce. Yakan danna ta da farce, yana cewa robar da ta yi tauri a zafin Jidda, in ta ji sanyi ai dutse za ta koma. Yakan buga ta da sufana ya kara kunne. Yakan ma shinshina. Har ta kai masu shaguna a Bab Makka in sun hango shi sai su tuna ba su yi alwala ba.

Ana cikin haka ya yi kiciɓis da Baturken da ya zo da ita, bayan an sauko Arfa. Baturke ba ya jin Larabci balle Hausa, Na'ibi ba ya jin Turkanci, saboda haka da hannu aka yi cinikin. Baturke ya nuna masa haƙoranta, manya, da sarari tsakaninsu. Ya cusa laka a ciki ya juya ta, lakar ta faɗo, wato tana tauna taɓo ta tofar. Ya nuna masa wasu ƙananan tsage kamar na fuskar mutanen da, waɗanda ke kama santsi. Sannan ya ɗebo gari daga buhun guzurinsa, ya yayyafa daga sama, ya mirgina ta a kai, ya rungume kansa yana karkarwa har haƙoransa na haɗuwa. Na'ibi ya gyaɗa kai. Ya gane sarai: ƙanƙarar sama kamar gari take, hanyar kuma akwai gargada. Ya saye su duka biyu, don Baturke ya nuna masa ba a raba su, ɗaya dama ɗaya hagu, duka a baya.

A gafarce mu, a nan dole a ambaci Abdulghani, maƙwabcin Na'ibi, abokinsa tun suna wasan ƙasa, shi ma direba. Ranar da Na'ibi ya mirgino ta ta gaban gahawar direbobi, inda suke zaman shan shayi, Abdulghani ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci.

"Ya shekh, tayar ƙanƙara a Jidda? Garin da ƙanƙara sai an saya an naɗe a buhu? Yalla, ka nemo mata bargo kada mura ta kama ta."

Na'ibi ya miƙe, ya kama gashin bakinsa, ya ce, "Ka ga wannan? In tayar nan ta mutu ba ta taka ƙanƙarar sama ba, zo ka aske shi a nan, a gaban kowa."

Wanda bai san gashin bakin Na'ibi ba, ba zai san nauyin wannan magana ba. Tun yana saurayi yake kiwonsa, yana da ɗan matajinsa na musamman, kuma ko matarsa Rabi ba ta san kamannin leɓensa na sama ba. Abdulghani bai koma gida ba ranar sai da ya sayi aska.

Daga nan marigayiya ta shiga zaman jira. Lodin Sham bai samu ba a shekarar, bai samu ba a ta gaba, don 'yan kasuwa sai wanda suka sani suke ba. Na'ibi kuwa ya ce ba za ta ɓata haƙoranta a kwaltar Makka ba. Ya jingine ta a bakin ɗaki a kan katako, ya lulluɓe ta da tabarma kamar kayan Sallah.

An shaide ta da haƙuri. Ba a taɓa jin ta da kowa ba. Yara sun zauna a kanta, kaza ta yi ƙwai a cikinta har ta ƙyanƙyashe, ba ta ce uffan ba. Kullum da safe Na'ibi yakan gaishe ta da sufana, ta amsa masa da muryarta mai kauri, "dum." Ranar da yake cikin damuwa yakan buga sau biyu, ta ce "dum, dum," sai ka ga ya sake.

Shi ma bai rage ta da komai ba. Na'ibi ɗan baduku ne. Mahaifinsa da ƙafa ya zo daga Kano, da wuƙarsa da basillarsa, kuma abin da ya koya wa ɗansa shi ne fatar da kake so, ciyar da ita mai. To kowace Juma'a, kafin ya taje gashin baki, sai ya shafe Mai Haƙora da man inji, sabo fil, ba baƙi ba. Da Sallah ya ƙara mata da zaitun. Ta yi sheƙi har mutum na ganin fuskarsa. 'Yar'uwarta da ke bayanta, jikin bango, sai abin da ya rage a tsumma take samu. Rabi takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya, man da ya taɓa sayo mata bai kai rabin wannan ba.

Sai ga rana ta zo. Wani ɗan kasuwa Bahaushen Sudan, Usuman, ya ba Na'ibi lodin akwatunan shayi zuwa Sham, a tsakiyar sanyi. Kayan suna sito a Khumra. Ran Litinin kuma aka tafka ruwa irin wanda Jidda kan yi shekara ba ta gani ba, Khumra ta koma kunu. Da Na'ibi ya isa da safiyar Talata, bayan ya sanya wa lorinsa 'yan'uwan nan biyu a karon farko, ya tarar da motoci sun durƙusa a layi kamar raƙuma. A kan gaba kuwa motar wa? Ta Abdulghani, tayoyinta sumul suna juyi a wuri ɗaya suna kuka.

Na'ibi ya yi bismillah ya sa giya. Marigayiya ta sa haƙori a taɓo. "Caɓ," in ji ta. "Caɓ, caɓ, gurrr." Tana tauna tana tofarwa, kuma ba da gangan ba, muna kyautata mata zato, duk abin da ta tofar a farar rigar Abdulghani ya sauka. Ta ratsa ta wuce. Aka yi lodi, ta dawo da nauyi a kanta, aka ɗaura sarƙa, ta fizge motar Abdulghani kamar ana cire ƙaya. Leburori suka hau tafi, wata mai sayar da shayi ta rangaɗa guɗa. Na'ibi yana murza gashin baki da hannu ɗaya, ya hau busasshiyar kwalta, ya fito da ɗaya hannun zai ɗaga wa jama'a.

"Ɓam!" in ji Mai Haƙora. Can kuma a hankali, "fssss." Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Aka ɗauko Mu'allim Husaini mai banshar, wanda duk facin tayoyin Mahjar a hannunsa yake. Ya danna gefenta da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin nunannen dabino. Ya tambaya wa ke ba ta mai. Ya ce roba ba fata ba ce, mai cin ta yake yi. Na'ibi ya zauna daɓas a gefen hanya, bai ko duba inda ya zauna ba.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta dama, wadda rashin gata ya cece ta, Husaini ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau. Ta bar tayoyin gaba guda biyu da ba su taɓa sanin darajarta ba, da jak, da sarƙar da suka yi aikin ƙarshe tare, da kaza da jikokinta. An samo wadda za ta gaje ta, wata mai haƙora da ta taɓa aiki a wani kamfanin gina hanya, ta kuma ci jarrabawar yatsa. Ta bar kuma gashin bakin Na'ibi, wanda ya kwana tsakanin rai da mutuwa.

Domin Abdulghani ya zo ta'aziyya. Ya yi kuka sosai, ya ce mutuniyar kirki ce, amma kowa ya ga kan aska yana leƙowa daga aljihunsa.

"Halas, shi ke nan, ya Na'ibi, haƙuri za ka yi. Taɓo dai ta taka, ni shaida ne, ga rigata. Ƙanƙara fa?"

Na'ibi ya dubi gawar. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar mahaifinsa.

"Mayar da askarka, ya akhi. Tafiyarta ba ta ƙare ba. Takalmi zan yanka a jikinta, in kai ta da ƙafata."

Dattawan gahawa suka zauna a kan maganar har shayi ya huce, suka yanke cewa in takalmin ya taka ƙanƙarar sama a gaban shaida, gashin baki ya tsira. Abdulghani ya buɗe baki zai yi gardama, wani ya karkaɗa masa sarƙar da aka jawo motarsa da ita, ya rufe. Ya dai ce sai ya gani da idonsa. Aka ce to bismillah, ga kujera kusa da direba, kuma shi ma za a yanka masa nasa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi mata wanka gobe Alhamis bayan la'asar a ƙofar gida, da sabulu mai yawa. Daga nan za a fitar da takalma ƙafa huɗu, masu maɗauri ɗaya, yatsu a waje, irin na zuwa masallaci. Abin da ya rage na jikinta za a mayar wa kaza. Za a tashi da ita zuwa Sham ranar Juma'a bayan an sauko, daga gaban gahawar direbobi, kuma ana gayyatar kowa rakiya har bakin gari. Ana karɓar gaisuwa a gida, akwai gahawa da dabino. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya zo da mai ko wane iri ne, Rabi tana bakin ƙofa tana duba hannuwa.

Wasu direbobin da suka san hanyar sun aiko da safar ulu, sun haɗa Na'ibi da Allah ya sa. Iyali suna godiya, amma ya ce a mayar musu da abinsu, shi da Abdulghani ba sa bukata. Ya ce ai Baturke ya nuna masa ƙanƙarar nan ya gani da idonsa. Gari ce kawai, mai laushi.