Jemagu a Kan Fanteka

"Gajiya ta bi lafiya. Kai kuma wa ya mutu?"

"Haba tsohuwa, sai an yi mutuwa zan zo gaishe ki?"

"Rabona da ganin ƙeyarka tun kafin damina. Na ce ko mutuwa aka yi, ko tsiya ce ta koro ka."

Muntari ya dire kwalin da ya rungumo daga zaure, inda ya kafe babur ɗinsa Basfa, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Hajjo kakarsa ce ta wajen uba, kuma duk Dorayi babu dillaliyar kayan jere da ta kama ƙafarta. Gidajen da namiji ba ya shiga, ita da sallama ɗaya take kutsawa har uwar ɗaka, ta fito ta san wace yarinya za a aurar da kwano nawa uwarta ta tara.

Shi kuwa a Bompai yake aiki, a kamfanin kwanuka na wasu mutanen Hong Kong. Da can akawun sito ne. Da gwamnatin soja ta yi dokar cewa dole kamfanonin baƙi su sa 'yan ƙasa a jari da kujeru, sai aka wayi gari ya zama manajan ciniki. Aka ba shi ofis mai fanka da labule, da tarho a kan tebur wanda ba a taɓa haɗa masa waya ba. Babban aikinsa, in mai kamfanin, wanda ma'aikata ke kira Masta, ya yi magana, ya gyaɗa kai.

"Mijin banza," in ji Hajjo, tana goga goro a magogi. "Ba cefane, ba sabulu, ba ko sannu. Da ina da ƙarfi da tuni na kai ƙararka wajen alƙali."

"Matar da ba haƙori me za a cefano mata? Ko nama na kawo sai dai ki yi ta kallonsa kuna hira."

"Da dasashin nan na cinye gadon kakanka, saura naka."

"Ni fa ina ta tanadin likkafani, kin ƙi ba ni dama. Har tela ya gaji da tambayata."

"Ka ajiye abinka, zai yi maka kyau. Mene ne a kwalin? Ko takardun manajancin ne aka haɗo maka ka taho gida?"

Ta kusa taɓa inda ke yi wa Muntari ciwo. Ya yi dariyar da ya koya a ofis, wadda ba ta wuce leɓe.

"Toshi na kawo wa amaryata. Saiti guda, sabon yayi, ko a kasuwa ba kowa ya gani ba."

Ya buɗe kwalin, ya fito da fanteka fara sol, ya ɗora langa da kwalla a gefenta. A jikin kowacce an zana jajayen jemagu sun buɗe fukafukai sun kewaye murfin. Hajjo ta ɗauki murfin, ta nisanta shi da idonta, sai ta kwashe da dariya har tana tari.

"La ila! Aure-a-rataye ne ya biyo ni har gida!"

"Ashe ke ce."

"Ni ce me?"

"Ke kika raɗa masa sunan nan. Tun da na ji shi na ce wannan baƙin bakin na gidanmu ne."

Duk sabon zanen da ya fito daga masana'antun Bompai ko Sharada ba shi da suna sai lamba. Dillalai ne ke raɗa masa suna a cikin gidaje, kuma sunan ne ke sayar da shi ko ya binne shi. Wannan kuwa tun makon da ya fito aka binne shi. Wace uwa ce za ta jera wa 'yarta abin da ake cewa auren mai shi zai kwana a rataye, kai a ƙasa, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba?

"Ni abin da na gani na faɗa," in ji Hajjo. "Ko tattabaru ne idona ya gaza?"

"A garinsu jemage alamar sa'a ce. Arziki ne, tsawon rai ne. Ke me kika sani game da ƙasashen waje? Iyakacinki kasuwar Kurmi."

"To su kwashe su kai garinsu mana, tunda can ne ake son su. Sun tsallako ruwa da jirgi, sun kafa inji, sun ɗauki 'ya'yan mutane aiki, ba wanda ya ce musu a nan ko yaro ya ga jemage sai ya tofar da yawu? Ina manajansu ɗan ƙasa?"

"Yana nan."

"Da aka nuna masa zanen me ya ce?"

Muntari ya sosa ƙeya.

"Ya ce yassa."

"Yassa! Allah Sarki, kuɗin makaranta. Kai da ka taso kana jifan su a kan mangwaron bayan gidan nan, kana toshe hanci. Sun ba ka fanka ta hure maka kai."

Gaskiyar magana, ranar da Masta ya shimfiɗa zanen a tebur, Muntari ya gane jemagu ne tun daga bakin ƙofa, har ya buɗe baki. Sai ya ga Alhaji Lawan, daraktan da aka sa sunansa a jarin kamfanin, ya riga ya gyaɗa kai yana cewa madalla. Alhaji Lawan kuwa shi ne mahaifin Maimuna, wadda Muntari ke zuwa zance wurinta. Sai ya mayar da bakinsa ya rufe. Yanzu sito ya cika har rufi, kuma jiya Masta ya kira shi, ya yi masa magana a hankali cikin Turancinsa mai gutsuri-gutsuri: in wata ya ƙare kwanukan na nan, kujerar ta zama ta wani. Doka ta ce a sa ɗan ƙasa, ba ta ce sai Muntari ba.

Bai yi niyyar gaya mata wannan ba. Yana neman inda zai ɓullo sai idonsa ya sauka a ƙofar ɗakinta, inda tukwanen silba sababbi ke jere, ɗaya a kan ɗaya, suna ƙyalli.

"Oho! Waɗancan fa? Ba na Indiyawan Sharada ba ne?"

"Sabon saurayi na yi."

"Da aurena a kanki?"

"Wane aure? Wannan da kansa ya zo har zaure, ya cire takalmi, ya rusuna ya ce Mama sannu. Ga gashin baki, ga mota. Ka ga namiji."

"Wato sayen bakinki ya yi. Ya ba ki tukwane, ki kashe mana kasuwa. Tsohuwa da ke, ƙafa ɗaya a kabari, kina yi wa Indiya aikin leƙen asiri."

"Kai da kake yi wa Caina aikin gyaɗa kai fa? Kowa da baƙonsa. Nawa dai ya san ƙofar gidana."

"Ki ji tsoron Allah, Hajjo. Jininki ne a kamfanin nan."

Ta ajiye magogin. Ba ta daina murmushi ba, amma muryarta ta sauka.

"Jinina. To bari in tambayi jinina. Tun da aka gina kamfanin nan nake zuwa bakin get, ni da sauran dillalai, muna sayen masu tabo, waɗanda fenti ya ɗan ɓare, muna kai wa iyayen da ba su da ƙarfin sabo. Da ribar masu tabon nan aka saya maka wandon makaranta. Ran nan na je, rana tsaka, Sule maigadi, yaron da ke karɓar mini kaya yana kai mini bakin titi, ya sunkuyar da kai ya ce Manaja ya hana dillalai. Na ce wane manaja? Ya nuna mini taga. Na ɗaga kai, sai na ga labule yana rufe kansa."

"Iskar fanka ce."

"Fanka mai yatsu biyar da agogo."

"Tsarin kamfani ne, tsohuwa. Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Tsarin shi ne a loda masu tabon kaf a motar Alhaji Lawan, ya kai rumfarsa ya ninka kuɗi, kai kuma a bar ka ka zauna a zaurensa da la'asar kana shan ruwan sanyi. Sadaki ka biya da abincin tsofaffi. Ita yarinyar ta san da kwano mai tabo aka saye ta?"

Muntari ya duba tsakar gidan, ba kowa sai kaza. Ya yi ƙoƙarin dariyar ofis, ta ƙi fitowa.

"Kishi ne ke damunki."

"Ni? Da wa? Allah ya ba ta haƙurin zama da mai yassa. Ta ce tuwo, yassa. Ta ce fita, yassa."

"To na ji. In aka kore ni, nan zan dawo. Ɗakinki zan tare, in cinye miki ɗumame, in sha miki fura, in riƙa kunna rediyo kina barci. Ki zaɓa."

"Au, korar ta zo ke nan?"

Ya kau da kai yana gyara murfin langa.

"Na ce korar ta zo?"

"Ƙarshen wata."

Hajjo ta jawo fantekar gabanta, ta ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa, ta saurari ƙarar, ta shafa bakin.

"Kwanon kirki ne, tsinannun. Ƙarfe mai kauri. Sun iya aiki, hankali ne dai suka ba ka ajiya." Ta ɗago. "Ranar Litinin za a buɗe get, dillalai su shiga kamar da."

"Alhaji Lawan zai…"

"Alhaji Lawan ne zai sayar maka da jemagu?"

"A'a."

"Sannan Mastan naku ya zo zauren nan ya gaishe ni. Ba aike ba, shi da ƙafarsa. Ya tsuguna."

"Tsuguno kam ya fi ki iyawa, a tsugune yake cin shinkafa a bayan inji. Amma me zan ce masa?"

"Ka ce masa akwai wata darakta a Dorayi da soja suka manta ba su sa a doka ba."

"To ke ta yaya za ki tashi abin da kika kashe? Bakin da ya ce Aure-a-rataye shi zai koma ya ce me?"

"Wa ya ce maka amare zan kai wa? Wannan ya gama da ɗakin amarya har abada. Masu jego zan kai wa. Ka taɓa ganin macen jemage ta ajiye ɗanta ta tafi kiwo? A ƙirji take manne shi, ta tashi da shi, ta sauka da shi, ko jifan ta ake ba ta sakin sa. Mai-goyo, sunansa ke nan daga yau. A zuba wa mai jego kunun kanwa a ciki, ɗa ya zauna. Ladidi ta nan bayanmu ta sauka shekaranjiya, bayan ta binne biyu. Ranar suna wannan fantekar za ta shiga gaban mata cike da kunu, ni kuma ina gefe ina ba da labari."

"Ƙarya za ki yi musu ke nan."

"Wace ƙarya? Je ka gindin mangwaro ka duba. Kai ne kake jifa ba ka kallo." Ta harare shi. "Da wata uwar ce da tuni ta saki ɗan, tunda ya yi nauyi kuma ya iya jan labule."

Muntari ya sunkuyar da kai, yana wasa da bakin tabarma. Da ya ɗago, dariyar da ta zo masa ba ta ofis ba ce.

"Saurayin naki Ba'indiye fa?"

"Yana nan. Mace mai hankali ba ta korar manemi don tsohon miji ya kawo kwano. In get ya sake rufuwa, akwai wani sunan a bakina, ya fi na farko muni."

Ta haɗa kwanukan, ta kifa ƙanana a cikin babbar, ta dudduba gefenta tana neman abin ɗauri. Sai idonta ya tsaya a wuyansa.

"Miƙo tsumman nan."

"Wanne? Wannan naktayi ne, Hajjo! Daga Hong Kong Masta ya kawo mini. Duk kamfanin mu uku ne ke da irinsa."

"Shi ya sa jini ba ya kai maka ka. Kwance."

"Manaja guda, a fita da shi wuya tsirara?"

"In ɗaure kaya da shi su tafi gidan suna, ko ka ɗaure wuya da shi ka tafi neman aiki a kamfanonin Challawa. Ka zaɓa, angona."

Muntari ya kwance shi yana dariya har da hawaye, ya miƙa mata da hannu biyu kamar mai miƙa sadaki.

"Kin ci ni, tsohuwa. Allah ya ƙara miki shekara ɗari, ki ga bayan kowa."

"Amin, har da kai," in ji Hajjo. Ta zarga shi ta ƙarƙashin fantekar, ta taka gefe guda da ƙafa, ta ja ta ƙulle tam.