Tsiren Kazar Majan

Wani ne a unguwarmu a Osaka, acici na bugawa a jarida. Ya wuni bai sa komai a cikinsa ba, sai ya faɗa shagon da ake wasan majan, wasan haɗa ƙwayoyi mai kama da karta. Mutum uku na neman cikon na huɗu, suka jawo masa kujera.

Zagayen farko ƙwayoyinsa suka haɗu. Ya kifar da su a tebur, ya ce, "Ron. Na ci."

Tsohuwa Fusae, mai shagon, ta leƙa ta ce, "Ɗan nan, ina yakunka? Sai hannu yana da tsarin da doka ta sani, shi ne yaku."

Da yake a Japananci gasa nama ma yaku ne, ya ce, "Baba, ni yakun da na sani gashi ne. Ina gawayin?"

Kuramoto direban tasi, wanda shaƙiyancinsa ya fi tuƙinsa, ya ce, "Kwantar da hankalinka, maigida. A nan duk wanda aka tashi bai ci ko sau ɗaya ba, shi ke da yakitori."

Tsiren kaza ke nan. Yawun mutuminku ya tsinke.

Daga nan ya shiga gudun nasara. Ƙwaya mai kyau ta zo, ya jefar. Ta sake zuwa, ya sake jefarwa. Can sai ga hannun da wasu ke tsufa ba su gani ba, marayu goma sha uku, ya zauna a gabansa. Kuramoto da kansa ya jefo ƙwayar da za ta cika shi. 'Yan kallo a bayansa suka riƙe numfashi.

Ya dube ta, ya kau da kai, ya ce, "Ba za ku yaudare ni ba."

Wani dattijo a bayansa sai da aka yi masa fifita.

Aka tashi. Mutuminku ya kwance bel, ya soke tsumma a wuyan riga, ya ce, "Baba, a kawo. A sa yaji sosai."

Fusae ta ce, "A kawo me? Yakitori sunan wanda aka fige ne, ya kasa tashi. Kai ne kazar. Abincin kowa kuma a wuyanka yake."

Ya dubi Kuramoto, wanda dariya ta kai ƙarƙashin tebur. Ya dubi jikinsa tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "To, tunda ni ne kazar, ku bar mini cinya ɗaya mana."