Akwatin da Ya Yi Anko

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin jikata Hafsatu ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yata Rabi, uwar amaryar, ita ke rubuta wannan ina faɗa mata. (Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki rufa mini asiri. Asirin da ya tonu a gaban surukai ba shi da sauran marufi.)

Mijina, Malam, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne a nan Sabo. Makaɗan Yarabawa sukan kawo masa injinan sautinsu, daga nan ya ƙulla abota da wani mai kaɗa jita, Baba Lasisi. Malam bai taɓa kaɗa jita ba, amma da hannunsa ya ƙera wa jitar abokinsa akwati na katako mai lasifika biyu. Da Baba Lasisi ya rage fita wasa sai akwatin ya dawo gidanmu, ya zauna a lungun ɗaki. Tun Hafsatu tana rarrafe Malam yake bubbuga shi yana ce mata, “'Yar amaryata, ranar da za ki gudu ki bar ni, wannan ne zai raka ki.”

Bai ga ranar ba. Ya rasu saura shekara guda a sa rana. Har yanzu idan na dama koko sai in ga na ɗauko kofi biyu.

Da biki ya matso, yara suka ce za a ɗauko hayar manyan na'urori irin na zamani. Na ce a ɗauko, amma akwatin Malam ne zai fara magana. Baba Lasisi ya aiko cewa zai zo da jitarsa da injinsa, sai dai yana so ya duba akwatin tukuna, tunda ya daɗe a ajiye. Na ce a gaya masa ya huta. Ni da na yi shekara arba'in ina riƙe wa Malam fitila yana gyara, wa zai nuna mini cikin akwati?

Na jawo gwangwanin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, na kwance bayan akwatin. Ashe ɓeraye sun yi nasu bikin tuni. Wayoyin ciki duk sun zama gutsattsari.

A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Akwai waya a ɗakin. Tana nan a naɗe, ja da baƙa, rataye a ƙusar bayan ƙofa inda Malam ya bar ta. Amma a kanta ya rataye hularsa ranar da ya dawo daga masallaci ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Hular nan ban taɓa ta ba. Ina share ko'ina, in kewaye ta. Sai na ce wa zuciyata ai wannan wayar siririya ce, ta tsufa, jikar Malam ta fi ƙarfin tsohuwar waya. Na yafa mayafi, na shiga keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Mokola.

Ku sani, ni 'yar goro ce. Tun ina budurwa nake zaman tsince goro a rumfunan Sabo, kuma ilimina a duniya guda ne: babba shi ne na manya. Marsa, wato manyan goro, ake kai wa surukai, minu kuwa, 'yan ƙananan, na sadaka ne. Da wannan ilimin na shiga shagon kayan wuta na wata Bayarabiya, mai jin Hausa kamar a Kano aka yanke mata cibiya.

“Mama, ẹ káàbọ̀, sannu da zuwa. Wayar me kike so?”

“Wayar kirki.”

“Ta fanka ce, ko ta rediyo?”

“Ta aikin sauti,” na ce, ina ɗaga haɓa.

Ta ciro wata ja da baƙa, mai laushi, ta fere bakinta ta nuna mini siraran gashin jan ƙarfe a ciki. Ta ce irin wannan ake sa wa lasifika, tana lanƙwasuwa, ba ta gardama, launi biyun kuma don kada a rikita ƙafafun ne. Na dube ta, sak ta bayan ƙofata. Na ture.

“'Yar nan, minu kike ba ni? Bikin jikata ne fa.”

Sai idona ya faɗa kan wata a can sama, mai kauri kamar fensir, koriya da ratsin ruwan ɗorawa. Jama'a, ankon bikinmu atamfa ce koriya mai zanen ruwan ɗorawa! Na ce wannan Allah ne ya ajiye mini.

“Mama, wannan a ƙasa ake binne ta, saboda kada wuta ta ja mutum. Ba ta waƙa.”

“Za ta koya,” na ce. “Auno mini gaba uku.”

Ta auna tana girgiza kai, ta bi ni da “Allah ya ba da sa'a” irin wadda ake yi wa mai shirin tsallaka kogi da dutsen niƙa a ka.

A gida na gane wayar nan ba ta da ladabi. Cikinta ƙarfe ne sandararre kamar kibiyar tsifar kai. Kowace lasifika tana da 'yan kunnuwa biyu na ƙarfe masu ƙaramar huda, nan Malam yake zura waya ya ɗiga dalma. Tawa ko bakin hudar ba ta shiga. Dalma kuwa ban iya ba, fitila kawai na iya riƙewa (shekara arba'in, ashe fitilar nake kallo). Sai na jingina wayar a jikin kunnen, na ɗauko baƙin zaren kitso na naɗe su tam, na ƙulle irin ƙullin huhun goro. Wace ƙafa ce ta dama, wace ce ta hagu? Duk koriya ce, sai na bi da bismillah. Ragowar ma ban yanke ba, don almubazzaranci haramun ne. Na tattara ƙarfina na nannaɗe ta, na danna ciki, na zauna a kan murfin na ɗaure ƙusoshi. Babu injin da zan gwada da shi, amma da na ƙwanƙwasa katakon sai na ji ya amsa da nauyi. Na ce madalla.

Da na yi shiru da bakina, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Kafin kwana uku babu gidan da ban kai labari ba. Har mai ƙosan bakin masallaci ta san cewa ni na gyara akwatin Malam, da waya ta musamman.

Ranar yini, bayan azahar, an kafa rumfa a ƙofar gida, mata sun cika ta, kore da ruwan ɗorawa ko'ina kamar gonar masara. Dangin ango sun zo daga Shasha, uwar ango Hajiya Turai tana kujerar gaba. Baba Lasisi ya iso da sandarsa da jitarsa, ya shafa akwatin kamar mai gaida ɗan'uwa.

“Iyawo,” ya ce, wato amarya da Yarabanci, sunan da yake kirana da shi tun ina amarya, “kin tabbata ba sai na leƙa ba?”

“Baba, kai dai ka kaɗa.”

Na karɓi abin magana, na miƙe. Na ba da labarin alkawarin Malam. Muryata ta karye, na yi kuka na gaske, mata suka taya ni, Hafsatu ta kifa kai cikin mayafi. Sannan na share hawaye na ce, “Da hannuna na gyara shi. Ku yi shiru, yanzu za ku ji muryar Malam.”

Rumfa ta yi tsit. Baba Lasisi ya runtse ido, ya saukar da yatsa a kan tsirkiya.

Rabi, ban san yadda za ki rubuta ƙarar nan ba. Kin san wadda ke kuɓuce wa mutum a sahun sallah bayan ya ci wake? To ita, amma ta ƙato, mai tsawo, har da 'yar karkarwa a ƙarshe. Baba Lasisi ya buɗe ido. Ya sake kaɗawa, ta sake fitowa, wannan karon kashi biyu. A na uku akwatin ya yi gum.

Ba wanda ya motsa. Mata hawaye na kan kumatu, baki na rawa, kowa na tsoron ta fara. Ni kuwa ina tsaye da abin magana a hannu, na gama shaida wa duniya cewa wannan muryar mijina ce.

Baba Lasisi ya ce a miƙo masa sukudireba. Yana kwance ƙusa ta ƙarshe murfin ya yi tsalle, wayata ta wuntsulo waje kamar maciji ya ga rana, koriya shar, zaren kitso na reto a bakinta. Ta tsaya tana lilo daidai gefen zanena. Hajiya Turai ta dubi wayar, ta dubi zanen, ta dafa ƙirji.

“Ikon Allah! Har akwatin ma ya yi anko!”

Shi ke nan, rumfa ta fashe. Wata ta faɗo daga kujera. Amarya da ke kuka ta koma shessheƙar dariya har kwalliyarta ta zube. Baba Lasisi ya riƙe ciki yana cewa, “Iyawo, Iyawo! Rijiyar burtsatse za ki tayar?” Ya nuna mini yadda girgiza ta kwance ƙullina, da yadda bakin wayar ya riƙa gogar takardar lasifika, shi ne ya haifi waccan ƙarar. Saura ƙiris, in ji shi, ta huda takardar, ko injinsa ya ƙone.

Da dariya ta lafa sai ya rage murya. “Abokina ba ya rabuwa da ja da baƙa. Babu ko guntu a ɗakinsa?”

Rabi ta yunƙura za ta je ta duba. Na ce ta zauna.

Na shiga ɗaki ni kaɗai, na tura ƙofa. Hular tana nan, ta yi ƙura. Ina jin hayaniya a waje. Sai na ce, “Malam, ka ji abin da na ja maka a gaban surukai. Ba ni wayar nan.” Na ɗaga hular. Da sauran ƙanshin turarensa a ciki. Na sa ta a fuska na yi kukan da ban yi a rumfa ba, sannan na ɗauki wayar da ƙarfen dalmarsa na fito.

Baba Lasisi ya auna taƙi biyu-biyu ya yanke, ya fere, ya murza gashin, ya zura a huda, ja a inda ja yake, baƙa a inda baƙa take. Ya ɗiga dalma. Cikin akwatin da duhu, sai ya waiwayo.

“Iyawo, haska mini.”

Aka ba ni tocila. Wannan kam aikina ne, ba wanda ya fi ni.

Da ya kaɗa, sautin ya fito garau, mai taushi, irin wanda nake ji daga shagon Malam ina tuƙa tuwo. Hafsatu ta taso ta rungume ni, ta raɗa mini a kunne, “Kaka, ni fa ta farkon ma na ji muryarsa. Haka yake yi bayan sahur.” Na kai mata duka, muna dariya muna hawaye. Akwatin ya raka ta, kamar yadda aka yi mata alkawari.

Hular na wanke ta, na mayar da ita ƙusarta, yanzu kuma ina share har ƙarƙashinta. Koriyar wayar na ɗaure ta a tsakar gida, ta zama igiyar shanya, kuma wallahi ban taɓa samun mai ƙarkonta ba. Ashe ita ma tana da gidan da ya dace da ita. Har yau idan na wuce, matan Sabo sukan ce, “Injiniya, a zo a duba mana rediyo.” Nakan ce su kawo, ina da sauran zaren kitso.

Abin da na koya kaɗan ne. Marsa a kai wa surukai, amma abin da zai zauna a cikin akwati ba a zaɓensa da ido. Kuma idan za ki ce wa jama'a ga muryar mijinki, ki fara jin ta a ɗaki tukuna.