Rigar Sanyin da Na Kai Gambiya

Da tafiyarmu hutu Gambiya ta tabbata, duk unguwarmu ta Hashimi sai da aka ji. Na garzaya wajen 'yan gwanjo na zaɓo jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya.

Matata ta ce, "Maigida, an ce fa bakin teku ne, da zafi."

Na ce, "Ke, me kika sani game da ƙasar waje?"

Da rigar a jikina na sauka a Banjul ina taƙama, gumi har cikin takalmi. Direban tasi ya tambayi matata a hankali ko zazzaɓi nake yi. Ita kuwa ta ɗauke ni hoto ta tura wa 'yan layinmu.

Har yau, in rana ta ƙwalle, maƙwabcina Baba Yohanna sai ya leƙo: "Malam, a kawo bargo?"