Motata Ta Ce Na Iso

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar, da safiyar sadakar ukun surukina. Ni ma'aikaci ne a Damagaram. Matata Rabi 'yar Damargu ce, daga wani ƙauye da ake kira Rijiyar Aduwa a ƙasar Ollelewa, amma a hannun gwaggonta ta tashi a birni, a nan kuma aka ɗaura mana aure. Har muka haifi 'ya'ya ƙafata ba ta taɓa taka garinsu ba. Baba, mahaifinta, shi ne yake zuwa wurinmu bayan girbi, da buhun gero da kwalbar man shanu. Duk ran da zai koma sai ya ce sai sun gan ni, ni kuma in ce in Allah ya so. Dangin Rabi sun daɗe suna cewa mijinta girman kai gare shi, ita ma ta san suna faɗa.

Rasuwar ta same ni ina Yamai wurin aiki, Rabi ta bi motar kasuwa ta tafi a ranar. Da muka yi waya muryarta a dishe, abu ɗaya ta roƙe ni: in iso kafin a shafa addu'ar uku, 'yan'uwanta su gan ni zaune a kan tabarma. Ta ce in tsaya tashar bakin gudron, wato kwalta, kafin Tanout, ba za a rasa wanda zai shiga mota ya nuna mini hanya ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, motata ta san hanya.

Kat-kat ce, irin motar shiga rairayi, tsohuwa da na saya a hannun wani, da na'urar taswira manne a gaban direba, irin wadda mace take magana a ciki da Faransanci. Na rubuta sunan garin, sai ga shi ya fito, har da ɗan hoton rijiya da na masallaci. (Na ji daɗi ƙwarai. Na ce ashe garin surukaina har Turawa sun san da zamansa.) Bai zo mini a rai in tambayi shekarar da aka zana taswirar ba.

Na dawo daga Yamai, ranar ukun da asuba na bar Damagaram. Na wuce tashar da Rabi ta faɗa, mutane na zaune suna shan shayi, na ɗaga musu hannu kamar gwamna. Matar cikin mota ta ce in karya dama, na karya. Damina ce, gero ya kai ƙirji, hanyar rairayi tana ƙara tsukewa har ciyawa ta fara shafar cikin motar. Garin da aka yi babban rashi ya kamata a ga sawun babura da amalanke a hanyarsa. Ban ga ko ɗaya ba, ban kuma damu ba. Na wuce rusassun katangu da wata rijiya da aka rufe da ƙaya, sai matar ta ce na iso. Can gaba kuwa ga 'yan bukkoki, ga hayaƙin tukwane, ga maza zaune a kan tabarmi ƙarƙashin aduwa. Me ya rage?

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan surukai ya san yadda ake yi. Na ajiye mota nesa, na tuɓe takalmi tun kafin in kai inuwa, na sunkuyar da kai, na tsuguna a gefen tabarma. Suruki ba ya ƙare wa manya kallo, balle wanda ya zo da laifin shekaru a wuyansa. Na yi sallama, aka amsa da fara'a, na ce a raina mutanen ƙauye akwai tawakkali. Aka miƙo mini dabino da goro, na ce sadaka ce. Sai na ɗaga hannu, na kuma ɗaga murya, don ina so har mata a cikin gida su ji mijin Rabi ya zo.

"Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Mu da ya bari Allah ya ba mu haƙurin rashinsa."

Ba wanda ya ce amin.

Na ɗago kai. Abin da na fara gani rago ne a rataye ana feɗewa, sai wanzami da zabirarsa, sannan na ji kukan jariri daga bayan darni. Mutumin da ya ba ni dabino yana tsaye a kaina da faranti.

Limaminsu, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce, "Baƙo, wa ya rasu?"

Na faɗi sunan Baba. Ya yi masa addu'a, sannan ya bayyana mini cewa Rijiyar Aduwa ta tashi tun da rijiyar ta ƙafe, mutane suka koma inda aka haƙa foraj, rijiyar burtsatse, suka tafi da sunan garin. Nan kufai ne, su kaɗan suke dawowa da damina don gonakin iyayensu. Yau kuwa suna ake yi. Sai ya rage murya ya ce mai farantin nan Isufu ne, uban jaririn, kuma duk 'ya'yan da ya haifa a baya ba wanda ya kai yaye.

Na sha jin kunya a duniya, amma ran nan tsoro ne ya fi yawa. Muryar da na ɗaga don mata su ji, sun ji. Mai jego ta fashe da kuka a ciki. Na shiga ba da haƙuri, ina maimaita maganar mota da taswira, ni kaina ina jin yadda maganar ba ta da kan gado.

Wata tsohuwa ce ta leƙo ta kan darni, kakar jaririn, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ku ƙyale ɗan nan," in ji ta. "Mutuwa ta sha shigowa gidan nan ba wanda ya kira ta. Yau ta ji an yi gaisuwar jaririn, sai ta ɗauka ta riga ta ɗauke shi, ta wuce gaba."

Liman ya ce wa tsohuwar ta yi istigfari, rai a hannun Allah yake. Amma ya sa na sake ɗaga hannu na yi addu'ar da ta dace. Na ce Allah ya raya, Allah ya sa mahaddaci ne, Allah ya sa shi zai binne mu. Aka ce amin da ƙarfi. Da na tashi, Isufu ya biyo ni har mota, ya nuna mini hanyar sabon gari da hannu, sannan ya ce in ba shi lambar wayata.

"In abin ya faru ba sai ka sake zuwa ba, Alhaji, ka riga ka yi gaisuwa. Amma zan gaya maka."

Lokacin da na isa gidan Baba an naɗe tabarmi. Yaya Sani, wan Rabi, ya karɓi gaisuwata da mutunci, ya ce an gode, ya ƙara da cewa Baba ya daɗe yana zuba ido. Rabi ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai, abu ɗayan da ta roƙa ban yi mata ba. Kafin la'asar mutanen kufai suka zo tasu gaisuwar, labari ya zo tare da su. (Har yau a can ba a kirana mijin Rabi. Mai gaisuwar suna ake ce mini, yara ma sun sani.)

Na cire na'urar na jefa a akwatin tsummoki. Yanzu duk inda za ni sai na tsaya tasha na tambayi mai rai, kuma duk tabarmar da na tarar, ko ta surukai ce, sai na ɗago kai na ga me ake feɗewa kafin in buɗe baki.

Isufu kuwa yana kira. Duk lokacin da sunansa ya fito a wayata sai in miƙe tsaye kafin in ɗauka. Kira na farko cewa ya yi haƙori ya fito. Daga baya ya ce an yaye shi. Bara ya ce an sa shi lakkol, ya fara karatun boko. Kwanan baya wayar ta yi ƙara ina tsakiyar aiki a biro, ofishinmu, na miƙe kamar kullum, sai na ji wata 'yar siririyar murya.

"Baba ya ce in gaya maka ina nan."